Ba a Cin Tuwo da Saƙon Mutuwa a Baki

Da sunan Allah, wanda Ya saukar da cuta Ya kuma saukar da magani.

Mahaifina ya tashi daga ciwon da zan ba da labarinsa. Yana cin abinci, bana ma da hannunsa ya shuka wakensa. In mutane sun ce mini barka da arziki, ina amsawa yadda ake amsawa. Amma in za a bi gaskiya, tun daga lokacin ban ƙara jin daɗin wani abu sosai ba, ban kuma ƙara jin zafin wani abu sosai ba. Zuciyata ta yi irin abin da ƙafa take yi in an daɗe zaune a kanta. Na rubuta wannan ne saboda masu aiko wa tsofaffinsu babbar waya daga wurin ci-rani, su ji abin da ta yi a gidanmu.

Sunana Rabi, ni ce ƴar fari. Ina aure a Magariya, ina ɗinki. Baba ba ya kiran sunana, Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Mu biyu muka rayu a ɗakin Inna, ni da ƙanena Laminu, wanda yake leburancin gini a Aljeriya. Ƙauyenmu yana gabas da Yekuwa, kuma Baba shi ne sanƙiran garin, wato mai shela. In an yi rasuwa, shi ke bin unguwa-unguwa yana faɗa.

Gado ya yi, kuma da sana'ar ya gaji doka guda. Kakanmu ya ce masa sanƙira ba ya sa loma a baki matuƙar akwai saƙon mutuwa a cikinsa. Dalili shi ne haƙƙin mamaci ne a samu masu yi masa salla, wanda kuwa ya tsaya cin tuwo kafin ya faɗa ya rage masa sahu. Tun muna yara mun saba. In aka yi sallama da sassafe muka ga Baba ya rufe kwanon koko ya ɗauki hula, mun san wani ya tafi. Wuri bakwai yake tsayawa, daga bakin rijiya zuwa ƙofar masallaci, kafin hantsi ya dawo ya sha kokonsa. Sannan ya je a ɗauki gawa da shi, ya zuba ƙasa da hannunsa, ya zauna zaman makoki, ya ci gumbar sadaka. Wani watan sau biyu, wani watan ko sau ɗaya babu. Dokar ba ta taɓa hana shi ƙiba ba.

Da kakar waccan shekarar Laminu ya aiko masa da babbar waya ta hannun wani da ya dawo gida. Baba bai yi lakwal ba, wato makarantar boko, amma abin bai yi masa wuya ba: ka danna, ka yi magana, ka saki. Laminu ya sa shi cikin gurup ɗin ƴan garinmu da ke waje. Da wata tsohuwa ta rasu, Baba ya gama shelarsa a gari, sai ya sake yin ta cikin waya ya tura musu. An ce ƙarti majiya ƙarfi sun zauna suna hawaye a ɗakunan haya, don sun ji muryar gida. Baba ya ji daɗin wannan maganar, mu ma mun ji daɗinta.

Daga nan abin ya bazu. Ƴan Yekuwa da ke Kano suka sa shi a nasu gurup ɗin, fataken Mallawa suka sa shi, mutanen Sassumbrum da ke Agadas suka sa shi, na Libiya ma haka. Duk wanda aka yi wa rasuwa sai ya turo masa vokal, wato saƙon murya: «Baba Sanƙira, don Allah ka faɗa mana da muryarka.» Mutanen da bai taɓa gani ba, garuruwan da bai taɓa takawa ba. Wasu har da hoto suke turowa, na haɗarin mota, na waɗanda aka tsinta a sahara, wai ya duba ko ya san ɗan wane ne. Shi kuwa ya duba, ya buɗe hoton da yatsu biyu ya ƙura ido.

A cikin garinmu babu rezo, waya ba ta kama layi. Sai ka yi tafiyar rabin awa yamma, ka hau wani tudu mai gawo ɗaya, nan ne take kamawa. Baba ya mayar da gindin gawon nan wurin aikinsa. Yana idar da sallar asuba zai kama hanya, ya zauna ya sunkuyar da kai yana jiran saƙo ya tafi. A wurinsa saƙo bai isa ba sai ƴan alamomin nan biyu sun fito a gefensa. Kafin su fito, wani sabo ya shigo. Inna takan kai masa fura har tudun, ta dawo da ita ta yi tsami. Ta ce masa: «Malam, wannan wane irin azumi ne, ba niyya ba lada?» Ya ce ta bari ya ƙarasa na Agadas tukuna.

Wuya ne ya fara. Ya ce kamar an ɗora masa dami an mance ba a sauke ba. Sai yatsun hannun dama suka riƙa mutuwa, idanu suna ruwa, kai yana sarawa. Ranar kasuwa ya sayo ƙwayoyin ciwon jiki wurin masu tallar magani a kwano, na dala ashirin, ya riƙa haɗiya da shayi mai ɗaci a kan cikin da ba komai. Suka yi masa aiki, sai ya ƙara. Duk wannan ban sani ba, ina Magariya ina murna Baba ya waye.

Abin da ya sa Inna ta aiko a kira ni shi ne rasuwar Malam Idi. Abokin Baba ne tun na wasan ƙasa, katanga ɗaya ta raba gidajenmu. Baba ya yi shela wuri bakwai, ya wuce tudu ya tura wa na waje, bai sauko ba sai da aka dawo daga maƙabarta. Da ya shigo gida, tambayar farko da ya yi ita ce ko mai cajin waya da sola ya buɗe, batir ya yi ƙasa. Na zo na same shi ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na ce: «Baba, ashe Malam Idi lokaci ya yi.» Ya ce: «Uwata, na neme shi a raina ban same shi ba. Na faɗi sunansa kamar yadda nake faɗin na kowa.» Ya faɗe ta ne ba damuwa a fuskarsa, yana goge gilashin wayar da gefen riga.

Na yi faɗa, na koma gidana. Kwana goma sha biyu bayan haka mata masu itace suka tsince shi kwance a gindin gawo, rana tsaka. Ya yi amai baƙi kamar dusar shayi, wayar tana hannunsa bai sake ta ba.

Makon farko ban iya tuna shi a jere ba. Kawu Ado, ƙanen Inna, shi ya ɗaura wa sa amalanke aka kai shi ƙaramin asibitin da ke kusa da mu. Majo, babban ma'aikacin jinyar wurin, ya ja fatar idonsa ya duba, ya ce fari fat, jininsa yana tsiyaya ta ciki, wannan ya fi ƙarfin nan. Ya sa masa ƙarin ruwa, ya rubuta takarda aka wuce da shi babban asibiti a mota. Can na tarar da su. Layin karɓar kati, layin awon jini, layin farmasi, kowanne da ranarsa a ka. Aka ce ana son jini leda biyu. Na ba da ɗaya, mijina ya ba da ɗaya. Kawu Ado, wanda tun a hanya yake cewa ransa fansa ne ga Baba, da ya ga allurar sai ya tuna bai ɗaure sansa da kyau ba a gida. Amma shi ya biya motar, shi ya sayar da ragonsa ranar kasuwa ya kawo kuɗin ordonansi, wato magungunan da likita ya rubuta, bai ce uffan ba. Allah Ya saka masa, tsoron allura ba zunubi ba ne.

Kwana uku Baba bai san inda yake ba. Babban yatsansa kuwa bai huta ba, yana ta shafa bargo daga ƙasa zuwa sama. Can sai ya zabura ya lalubi aljihu ya ce ta yi motsi, alhali wayar tana cikin jakata a kashe. Da ya farfaɗo aka ce a fara ba shi kunu mai ruwa-ruwa, ya kawar da kai. Na yi lallashi, na yi tsawa, na haɗa shi da Allah. Ya ce: «Akwai na mutane a ciki ban isar ba.»

Likitan saurayi ne, ba zai girmi Laminu ba. Ya tambaye ni me ya hana dattijo cin abinci, na gaya masa dokar kakanmu ina jiran ya yi dariya. Bai yi ba. Ya ce in kunna wayar ya gani. Muka ƙirga gurup ashirin da uku. Ya jawo kujera ya zauna kusa da gadon, abin da ban ga ya yi wa kowa ba a ɗakin.

Ya ce: «Baba, gyambo ne a tumbinka. Cikin da ba a ba shi abin niƙa ba, kansa yake niƙawa, ƙwayoyin masu kwano kuma suka ƙarasa shi. Wannan muna da maganinsa. Amma yaushe rabonka da dariya?»

Baba ya ce an daɗe.

«Kuka fa?»

Baba ya ce bai riƙe ba.

Likita ya ce: «Allah Ya yi zuciyar mutum daidai mutuwar gari ɗaya. Kai ka ɗora mata ta ƙasa huɗu, ba gawa, ba kabari, ba zaman makoki. Dole ta rufe ƙofa.» Sannan ya karɓi wayar ya kashe ta a gaban idonsa, ya ce: «Saƙon da ba ka ji ba bai shiga bakinka ba. Ko mahaifinka ya ce maka har da wanda ba a gaya maka ba?»

Baba ya dubi kwanon kunun. Sannan ya buɗe baki, na ba shi cokali uku. Dokokin da likita ya kafa mana su ne: wata biyu ba waya, abinci safe da rana da yamma a kan lokaci, ba ƙwayar kwano, ba shayi a kan yunwa, kuma a kiyaye shi da tashin hankali, don gyambon yana iya sake buɗewa.

A mako na biyu Laminu ya kira ni a ƴar ƙaramar wayata. Ya riga ya aiko da abin da ya samu, da shi muka sayi magungunan wata guda. Kira daga can yana da tsada, layin kuma yana yankewa. Ni mai zafin kai ce, duk dangi sun sani, ranar kuma tun safe nake tsaye a layin farmasi. Ya ce: «Yaya, ya jikin Baba?» Na ce: «Wayarka ce ta kwantar da shi. Ka aiko wa tsoho da maƙabarta ya sa a aljihu, kana can kana jin daɗin muryar gida. Na kashe ta, kuma zan ɓoye ta wata biyu. Kada ka ƙara aiko mana da wata fitinar.» Na ji yana tari, tari mai tsawo, ban tambaye shi ba. Ya ce: «To, Yaya.» Layin ya yanke. Bai ƙara kira ba, ni ma ban neme shi ba. Na ce in Baba ya warke ma shirya.

Mako na uku aka sallame mu. Na bar ɗinkina na tare a ƙauye. Ranar da muka isa na naɗe wayar a leda, na ƙara da tsohon zane, na hau rumbu na cusa ta can ƙasan dammunan hatsi. Na san ba shi da ƙarfin hawa. Ya nema ƙarƙashin gado, ya nema cikin tukwanen Inna, har buhun gyaɗa ya sa aka zazzage. Da ya gaji sai ya riƙa fita ƙofar gida ya tsaya yana kallon yamma, inda kan gawon yake leƙowa.

Masu dubiya suka yi ta zuwa, kowa da likitancinsa. Kawu Ado ya ce shi tun farko ya sani, wa ke zama gindin gawo rana tsaka in ba mai neman mutanen ɓoye ba? Ya kawo turare. Wata gwaggonmu ta ce kambun baka ne, muryarsa ta yi suna har Libiya, ta kawo rubutu. Wani ya ce a tsallaka da shi Najeriya, akwai mai allura ɗaya tak. Wani ya ce zuma da nonon raƙumi. Rubutun mun ba shi, turaren mun turara, allura ɗaya tak na ce wanda ya kawo maganar ya fara gwadawa a kansa. Abin da ya fi ba ni haushi, cikin masu cewa Allah Ya sawwaƙe akwai masu sunkuyawa su raɗa masa cewa na waje suna ta tambaya yaushe zai dawo aiki. Ɗaya na raka shi har zaure na ce kada in ƙara ganin ƙafarsa.

Dabarar da na samu ta ciyar da shi ita ce in zauna gabansa da nawa kwanon. Ba al'adarmu ba ce ƴa ta ci abinci gaban ubanta, amma jinya ba ta san kunya ba. In na kai loma, ya kai. Tuwo mai laushi, miyar kuka ba yaji, kunu, nono. Haka muka yi mako na huɗu da na biyar. Wuyan ya saki, yatsun suka dawo, ya daina lalubar aljihu. Muka koma randebu, ranar da likita ya ce mu dawo, muka zauna a benci tun safe har azahar don ganin likita na minti biyar, amma minti biyar ɗin ya ce jini ya hau, mu ci gaba. A mako na shida akuyar Inna ta cusa kai cikin tulu ta kasa fitarwa, tana yawo da shi a tsakar gida, Baba ya yi ƴar dariya ta hanci. Inna ta dube ni, na dube ta.

Ranar Litinin ta mako na bakwai ina daka da hantsi, Kawu Ado ya zo a babur ya kira ni bayan danga. Bai ko kashe babur ɗin ba. Ya ce wani mutumin Mallawa da suke ɗaki ɗaya da Laminu ya turo vokal a wayar maƙwabcinsa. Ciwon ƙirji ne, ya yi makonni yana fama. Allah Ya yi wa Laminu cikawa kwana huɗu da suka wuce, an yi masa sutura a can. Na ce kwana huɗu? Ya ce ai tun ranar suka turo. Wayar Baba suka turo wa, don duk wanda ya rasu can ita ake turo wa. Da suka ga shiru ne suka nemi wata hanyar.

Na juya na dubi rumbu. Kaji suna tsattsaga a ƙarƙashinsa.

Kawu ya ce: «Rabi, ni ba ni iya gaya masa. Kin ji abin da likita ya ce. Mu bari zuwa Alhamis, ranar randebu, a faɗa masa a can gaban likita. Daga ni sai ke sai liman. Ko Innarki kada ta ji, in ta ji gari ya ji.» Na ce to. Na koma na ɗauki taɓarya na ƙarasa dakana. Ban yi kuka ba, ban ji jiri ba. Na tankaɗe gari, na tuƙa tuwo, na kaɗa miya, har gishiri ya yi daidai.

Ni ban yi niyyar bin dokar kowa ba. Abincin ne ya ƙi wucewa. Na zauna gaban Baba da rana, na gutsura, na juya cikin miya, na mayar. Da yamma haka, da safe haka. Ranar Talata da rana na ajiye masa kwanonsa na zauna da nawa. Ya wanke hannu, bai buɗe ba. Ya dube ni irin kallon da ya daɗe bai yi wa kowa ba.

Ya ce: «Uwata, tun jiya da rana kike juya tuwo kina mayarwa. Wa ya rasu?»

Na ce ba kowa, cikina ne.

Ya ce: «Gidan nan kaɗai aka san wannan azumin. Faɗi.»

Na ce: «Laminu.»

Ya tambaye ni yaushe, a ina, an samu masu salla, kamar yadda yake tambayar duk wanda ya kawo masa saƙo. Na amsa. Ya ture kwanon gefe, ya ɗauki hula da sanda. Na riƙe gefen rigarsa na ce: «Baba, likita ya ce...» Ya ce: «Kwana biyar yaron nan ba a ɗaga masa hannu a garinsu ba. Sake ni.»

Ƙofar ɗakin Inna ya fara tsayawa, ya faɗa mata a hankali. Abin da ya biyo baya ba zan rubuta shi ba. Na bar ta hannun maƙwabta na bi shi a baya da butar ruwa. A bakin rijiya ya tsaya, ya gyara murya, ya fara yadda ya saba: «Jama'a, salamu alaikum. Ana sanar da ku, Allah Ya yi wa Laminu rasuwa, Laminu ɗan...» A nan ne dole ya faɗi sunan kansa. Ya buɗe baki, abin ya ƙi fita. Ya zauna a bakin kwamin shanu ya fashe da kuka, kuka mai sauti, kafaɗunsa suna rawa. Matan da ke ɗibar ruwa suka saki guga. Ni kuwa ina tsaye ina kallon bakinsa, ina jiran in ga ko zai yi aman nan baƙi. Abin da ke raina ke nan, ba wani abu ba.

Bai yi ba. Ya sha ruwa, ya tashi, ya ƙarasa sunan. Wuri bakwai ya tsaya, ko ɗaya bai tsallake ba, a kowanne sai muryar ta karye. La'asar ta yi kafin mu dawo. Ya wanke hannu ya ci tuwon da ya huce, ya turo mini nawa. Na ci, ban ji ɗanɗanonsa ba.

Ranar Alhamis mun je randebu duk da haka. Likita ya ji abin da ya faru, ya yi masa ta'aziyya, ya auna shi ya ce gyambon bai motsa ba. Na gode masa, na gode wa majo, na gode wa Kawu da duk wanda ya tako. Ga masu aiko da waya kuma, ban ce kada ku aiko ba. Ku dai san wanda kuke aiko wa. Tsofaffinmu ba su iya wuce abu da yatsa su mance ba, duk abin da aka faɗa musu amana suke ɗaukarsa. In kun ga tsohonku ya fara ajiye kwano saboda waya, ko yana faɗin mutuwa kamar farashin wake, kada ku jira a tsinto shi. Kuma in ɗan'uwanku ya yi tari a waya, ku tambaye shi.

Bayan sadakar bakwai Baba ya ce in ba shi wayarsa. Na ce saura kwana biyar wata biyu su cika. Ya ce: «Ba don mutanen duniya ba. Yaron nan ba ya kwana uku bai yi mini magana ba. Yana ciki.» Na hau rumbu na tono ta, na kai wa mai sola. Washegari na sa shi ya sha kununsa tas, muka hau tudu tare. Da ta kama rezo ta daɗe tana rawa a hannuna, saƙonni suna ta zubowa. Na bi su da yatsa har na ga hoton Laminu da hular gini. Vokal tara. Na miƙa masa, na matsa nesa inda ba zan ji ba, na zauna ina kallon gonakin da ba a fara shara ba. Da ya gama ya kira ni. Na fitar da shi daga gurup ashirin da biyu yana kallo, na bar masa na ƴan garinmu.

Da rana na ajiye masa abinci na zauna da nawa. Ya wanke hannu, ya ɗora wayar a kan faifan da ya rufe kwanon.

Ya ce: «Takwas nawa ne. Na tara naki ne, ya ce in ba ki.»

Na ce: «Ci tukuna, Baba, lokacin maganinka yana wucewa.»

Ya ce: «Saƙon mamaci ne, Uwata. Kin san dokar.»

Na ce a bari sai gobe. Na ce ya faɗa mini abin da ke ciki da bakinsa. Na ce ban shirya ba. Ya harɗe hannuwansa a kan gwiwa ya zauna. Wata biyu na yi ina yaƙi a kan kwanon nan, ga shi yana hucewa a gabana. Na ɗauki wayar na danna.

Tari ne ya fara fitowa, sannan muryar, ta shaƙe ta yi ƙanƙanta.

«Yaya Rabi, Laminu ne. Ban kira ki ba don kada ki ji tarin nan ki haɗa damuwa biyu. Maganar da kika yi gaskiya ce, wallahi ban riƙe ki ba. Ni dai na aiko ta ne don in riƙa jin muryarsa. In kin ji wannan, to Baba ya warke ke nan, tunda kin fito da ita. Ki sa shi ya ci abinci a kan lokaci. Ke ma ki ci, na san halinki.»

Ta tsaya. Na ajiye ta a kan tabarma.

Baba ya ce: «Ya isa?»

Na ce: «Ya isa.»

Ya ɗage faifan, ya yi bismilla.